Karayar Kwatangwalo: Abin Da Motocin Asibitinmu Suka Rasa

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗaukar tsohuwar da santsin bayan gida ya kayar, ba zai manta da ihunta ba. Samari huɗu ne za su taru, biyu su kama hannuwa, biyu su kama ƙafafu, su cusa ta cikin tasi ko a daidaita sahu. Idan aka yi dace aka sami motar asibiti ma, sau da yawa ba abin da ke cikinta sai gado guda da jiniya, watau ɗaukar dai irin ta samarin nan za a yi.

Abin da likitoci ke kira karayar kwatangwalo, karyewar kan ƙashin cinya ne, daidai inda ya shiga gurbinsa a ƙugu. Alamarta ba ta cika ɓuya ba: ƙafar takan gajarce, tafinta ya kwanta waje, mai ita kuwa ya kasa tsayuwa. Duk jijjigar da aka yi mata, bakin ƙashin yana ƙara yankar nama, jini yana tsiyaya a ciki inda ido ba ya gani. Mai karatu ya auna wannan da gargadar hanyoyinmu, daga ƙauye har zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko na Igbobi a Ikko, ko na Inugu.

Kayan da ake bukata ba masu wuyar sha'ani ba ne. Akwai gadon ɗauka mai rabewa biyu a tsaye: sai a zura ɓari guda ta dama, ɗayan ta hagu, a haɗe su a ƙarƙashin majinyaci ba tare da an ɗaga shi ko an juya shi ba. Daga nan a sauke shi kan wata katifa mai cike da ƙananan ƙwayoyin roba, wadda in aka zuƙe iskar cikinta da famfon hannu takan sandare daidai da siffar jikinsa, ta riƙe ƙugu da ƙafa yadda aka same su. Ba ta bukatar lantarki, wanda a ƙasar nan ba ƙaramin alheri ba ne. Inda babu ita, matashin kai tsakanin gwiwoyi da faffaɗan bandeji ya fi babu nesa ba kusa ba.

Amma fa kaya ba horo haɗari ne. Ƙarfen nan da ake ɗaure ƙafa da shi ana ja, wanda ya ceci sojojin Ingila masu yawa a Yaƙin Duniya na Farko, na karayar tsakiyar cinya ne. Ba a sa shi ga wanda ƙugunsa ya karye. Haka kuma dole a rage wa majinyaci zafi da magani kafin a motsa shi. A Ingila ƙa'ida ita ce a yi masa aiki ranar da aka kwantar da shi ko kashegari, domin doguwar kwanciya ke jawo ciwon huhu da gyambon baya da daskarewar jini, waɗanda su ne ke kashe tsofaffi.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Jihar Ikko ta soma nata tsarin motocin gaggawa a 2001, na tarayya kuma ya fara aiki a Abuja a 2022. Gwamnoni suna son bikin yanka ƙyalle a gaban sababbin motoci masu ƙyalli, alhali kuɗin gadon da katifar duka bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin motar. A ganina, kafin jami'i ya sa hannu ya karɓi mota daga ɗan kwangila, ya kamata a buɗe masa ƙofar baya ya ƙirga abin da ke ciki.