Shekarar da Zaure Ya Zama Aji a Kafinsoli

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Najeriya saboda cutar korona, karatun yara ya dawo cikin gida. A Kafinsoli ta ƙaramar hukumar Kankia, wannan ba baƙon abu ba ne, domin tun kaka da kakanni ake karatun allo a zaure. Boko ne ya zo ya raɓa.

Da hantsi a shimfiɗa tabarma, yaya ta ɗan gutsuro gawayi ta rubuta wa ƙannenta lissafi a jikin bango, uwa na daka tana sauraro. Uwar ce ta fi kowa shan wahala, kuma ba kasafai ake yaba mata ba.

Da damina ta kankama, tsoron zazzaɓin cizon sauro ya ma fi na korona. Yaro ya yi zafin jiki, karatu ya tsaya, a kama hanyar asibitin Kankia.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta ƙarato. Maigida na lissafin kuɗin rago a kasuwar Charanchi, tela na jiran cikon kuɗin ɗinki, 'yan mata na kwaɓa lalle. An yi Idi ranar Juma'a, 31 ga Yuli, makarantun firamare na rufe.