Kurege a Gona: Haƙƙin Manomi da Iyakarsa

Daga cikin halittun da Allah Ya zaunar tare da manomi a ƙasar Hausa, da wuya a sami wadda ake yabonta a dandali kuma ake kuka da ita a gona kamar kurege. Domin shi ne wanda tatsuniyoyinmu suka shaida da wayo, yara suna murna in ya yaudari kura, alhali kuwa mahaifinsu, idan ya yi sammako ya tafi duba shuka ya tarar an bi kunya an tone iri rami bayan rami, ya san cewa wahalar kwanaki ce ta tafi a banza. Abin da ya kamata mu duba shi ne yadda mai gona zai tsare dukiyarsa daga wannan ɓarna ba tare da ya jawo wa kansa da maƙwabtansa wata musiba da ta fi ta girma ba.

Wajibi ne mu fara da sanin ɗabi'arsa, gama wanda bai san halin abokin gabarsa ba wahala kawai zai sha. Kuregen da muke da shi, mai farin zane ɗaya a kowane gefen jikinsa da doguwar wutsiya mai gashi, ya bazu tun daga Muritaniya da Senegal, ya ratsa Nijar da Nijeriya da Chadi da Sudan, har Habasha da Kenya, kuma babbansa yakan kai nauyin rabin kilo zuwa kilo guda. Da rana yake kiwo, musamman da hantsi da la'asar, in dare ya yi ya shige rami ya toshe ƙofa da ƙasa. Raminsa yakan kasance a tsohon suri, ko a gindin itace, ko cikin sarƙaƙiyar da ke bakin iyaka, macen kuwa takan haifi 'ya'ya biyu zuwa shida a ciki guda. Yana da al'adar binne abin da ya samo a wurare dabam-dabam don ajiya, saboda haka abin da yake ɗauka daga gona ya fi abin da cikinsa yake ci.

Ɓarnarsa tana da lokuta biyu sanannu. Na farko shi ne kwanakin da ke tsakanin shuka da kafuwar tsiro, lokacin da yake tone masara da gyaɗa da gujiya da wake, har ma ya tumɓuke tsiron don ya kai ga ƙwayar da ke gindinsa. Wannan kuwa ita ce ɓarna mafi ciwo, domin manomin da ya sake shuka ya yi asarar iri, ya kuma yi asarar kwanaki daga damina wadda ba ta jiran kowa. Na biyu shi ne lokacin da amfani ya nuna, sa'ad da yake haƙa gindin gyaɗa da rogo da dankali, ko ya afka wa gyaɗar da aka cire aka shanya. Tsakanin waɗannan lokuta biyu cutarwarsa ba ta da yawa, kuma wannan shi ne asalin dabarar duka: a tara ƙarfi a makwannin haɗari maimakon a yi ta fama shekara sukutum.

Babu saɓani cewa Shari'a ta ba mutum haƙƙin kare dukiyarsa, kuma malaman fiƙihu sun halatta kashe dabbar da cutarwarta ta tabbata, kamar yadda aka yi izini game da ɓera. Amma malaman da suka ce ana gusar da cuta, su ne kuma suka shar'anta cewa ba a gusar da ita da wata cuta irinta ko wadda ta fi ta. An hore mu da kyautatawa ko a wajen kisa, an kuma hana azabtar da mai rai da wuta. Idan muka auna hanyoyinmu da wannan ma'auni, za mu ga cewa biyu daga cikinsu sun ƙetare haddi, wato cinna wa daji wuta da barbaɗa guba a fili, domin dukansu biyu ba su san inda iyakar gona ta tsaya ba.

Akwai izina a cikin abin da ya faru a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda wani ɗan'uwan kuregen namu ya daɗe yana addabar masu gonaki da lambuna. A shekarar 1908 aka gano cewa kuregun can suna ɗauke da annobar ɗa'un, wadda ƙuma ke yaɗawa, sai aka ɗaura musu yaƙi. A 1918 hukuma ta keɓe mako guda ta sa yaran makaranta cikin aikin kashe su, har aka tara wutsiya fiye da 100,000. Duk da haka, yau bayan shekara ɗari da 'yan kai, kuregun suna nan. Abin da mutanen can suka koya daga wannan shi ne cewa ba a ƙarar da dabbar nan, sai dai a rage ta a inda take cutarwa. Dokarsu ta yardar wa mai gona ko ɗan haya ya kashe kuregen da ke masa ɓarna, amma ta hana shi kama shi ya kai wani wuri ya saki ba da izini ba, don kada ya ɗauke wa kansa masifa ya ɗora wa wani. Malaman gonarsu kuma suna koyar da cewa bayan an rage kuregu tilas a rushe ramukan da garma mai nitsewa kamar rabin mita, in ba haka ba waɗansu za su zo daga maƙwabta su gaji gidan.

To, da wannan darasi da abin da kakanninmu suka sani, hanyar ta fito sarari. Tun lokacin sharar gona manomi ya zaga iyakarsa ya gane ramukan da ke da rai, waɗanda ake ganin sabuwar ƙasa da sawu a bakinsu. Ya kwashe tarin kara da ƙaya da ke zama maɓoya, ya rushe ramukan da fartanya ko garma. Kada a yarda yaro ya zura hannu a rami ko kusa, domin gamsheƙa da kububuwa sukan fake a irin waɗannan wurare. Sa'an nan a ɗana tarko a bakin rami da kan hanyar da ya saba bi, a sa gyaɗa ko masara, a riƙa duba shi safe da yamma, a kuma gaggauta gamawa da abin da ya kama don kada ya wuni yana shan azaba. Idan an yi shuka, a take bakin ramin iri da diddige sosai, a kuma yi gadi da hantsi da la'asar har tsiro ya yi ƙarfi. Kare mai kuzari yana da amfani ƙwarai a nan, mutum-mutumi kuwa kwanaki kaɗan ne kurege zai gane shi. In an cire gyaɗa, kada a bar ta a gona fiye da ƙima.

Amma batun guba, shi ne inda ya fi cancanta mu tsaya mu ji tsoron Allah. Wanda ya cuɗa hatsi da gamalin ko fiya-fiya ko wani maganin ɓera ya watsa a bakin gona, bai san bakin da zai ci ba: zabin maƙwabci ne, ko akuyar makiyayi, ko kuwa kuregen ne zai ci ya fita yana tangaɗi, yara masu farauta su buge shi su gasa. Gamalin ɗin nan ma tun shekarar 2009 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar daina amfani da shi a noma saboda illarsa. Bayan haka mushen da guba ta kashe yakan halaka mai cinsa, da shaho da dila da muzuru, waɗanda su ne Allah Ya hore su rage mana kurege da ɓera ba da ko kwabo ba. Ungulu kuwa, wadda a dā ba a rasa ta a kowace mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa, kuma guba tana cikin dalilai. Idan lalura ta kai matuƙa, to, kada a yi sai da shawarar malamin gona, a sa maganin cikin rufaffen mazubi da dabbar gida ba za ta kai gare shi ba, a sanar da maƙwabta, a tsince mushe a binne da zurfi.

Daga ƙarshe, tun da yake kurege yana kwana a gonar wani ya yi kalaci a ta wani, ƙoƙarin mutum ɗaya ba ya isa. Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma su tsayar da rana kafin faɗuwar damina, a yi gayyar share iyakoki da rushe ramuka, a daidaita lokacin shuka gwargwadon iko don ɓarnar ta rarrabu kada ta taru a kan wanda ya riga kowa, su kuma tsawata wa mai sa wuta da mai watsa guba. Gona taka ce, ya kai manomi, kuma kare ta haƙƙinka ne, amma ran yaron maƙwabci da dabbarsa amana ce da za a tambaye ka a kanta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana abin da muka shuka, amin.