Fodkas: gudummawar masu saurare ko abonema, wa ke riƙe da makullin ƙofa?

A watan Mayun 2023 wani shirin sauti mai suna Stolen ya lashe kyautar Pulitzer, lambar yabon da ta fi kowace daraja a aikin jarida a Amurka. Ƴar jarida Connie Walker ce ta shirya shi, inda ta bi sawun cin zarafin da aka yi wa mahaifinta da sauran ƴaƴan ƴan asalin ƙasar Kanada a makarantun kwana na mishan. Wata bakwai bayan haka, a Disamba, kamfanin Spotify da ke ɗaukar nauyin shirin ya ce ba zai sabunta shi ba. Babu wanda ya ce aikin ba shi da kyau. Lissafin kamfani ne ya canza, kuma masu sauraren ba su da ta cewa, tunda ba daga hannunsu kuɗin shirin ke fitowa ba.

Wannan labari na cikin abubuwan da suka ƙara zafafa muhawarar da masu shirya fodkas ke yi a Amurka da Turai: wanda ke aiki shi kaɗai ko da ƴan abokansa, ba tasha ba kamfani, ta ina ya fi dacewa ya nemi abin sawa a bakin salati? Ya roƙi masu saurarensa su tallafa masa kai tsaye, ko ya shiga inuwar babban dandali mai karɓar abonema?

Ga wanda bai saba da shi ba, fodkas shiri ne na magana irin na rediyo, sai dai ba ya da mita, ba ya da ƙayyadadden lokaci. Mutum ya sauke shi a salula ya saurara sa'ad da ya ga dama. Kalmar ta fara bayyana a jaridar The Guardian ta Ingila a 2004, sannan a 2005 kamfanin Apple ya shigar da irin waɗannan shirye-shirye cikin manhajarsa ta iTunes. Abin da ya kamata a riƙe shi ne yadda aka gina shi tun farko. Mai shiri yana ajiye sautinsa a wani rumbu na intanet, ya fitar da adireshi guda da ake kira RSS, kuma kowace manhaja a duniya na iya bin wannan adireshi ta ɗauko shirin kyauta. Kamar rijiyar bakin hanya ne, kowa ya zo da gugarsa. Sai dai wanda ya haƙa rijiyar shi ma yana da iyali. Akwai talla, amma masu talla suna biya ne a kan kowane saurare 1000, don haka ƙaramin shiri ba ya samun abin kirki a wajensu.

Hanyar gudummawa ta girmi fodkas. Gidajen rediyon al'umma na Amurka sun daɗe suna ware ƴan kwanaki a shekara suna roƙon masu saurare su ba da abin da ya sauwaƙa. Masu fodkas suka ari wannan salo. A 2014 Radiotopia, wani gungun shirye-shirye masu zaman kansu da Roman Mars ya jagoranci kafawa, ya tara sama da dala 600,000 daga mutane fiye da 20,000 a dandalin Kickstarter. Maximum Fun, wanda Jesse Thorn ya kafa, yana yin irin wannan gangami kowace shekara, kuma a 2023 ya koma mallakar ma'aikatansa a tsarin ƙungiyar gama kai. A 2013 wani mawaƙi, Jack Conte, da abokinsa Sam Yam suka buɗe Patreon, inda mai saurare ke yin alkawarin wani abu kowane wata, ana cirewa daga katinsa na banki. A shekarar ne kuma aka buɗe makamancinsa a Faransa, Tipeee. A wannan tsari shirin yakan zauna a buɗe ga kowa. Wanda ya biya yana samun ɗan ihsani, ko ƙarin kashi ɗaya a mako ko shiri marar talla, amma ainihin abin da yake biya shi ne kada shirin ya mutu.

Hanyar abonema kuwa duk mai dekodar Canal+ a gida ya san ta: ka biya hoto ya zo, wata ya ƙare allo ya yi duhu. A 2019 aka yi yunƙurin mayar da fodkas haka. A Amurka kamfanin Luminary ya fito da jarin da ya kai dala miliyan 100, ya sayi shirye-shirye ya kulle su, yana karɓar kusan dala 8 a wata. A Faransa tsohon shugaban Radio France, Mathieu Gallet, ya buɗe Majelan. Dukansu biyu sun fara da rigima iri ɗaya: sun kwaso shirye-shiryen kyauta ta adireshin RSS suka jera a shagonsu don jawo jama'a, ba tare da sun nemi izinin masu su ba, masu shirye-shiryen da dama kuma suka ce a cire nasu. Babu ɗayansu da ya zama abin da ya yi buri. Spotify ya bi ta wata ƙofar: a 2019 ya saye kamfanonin Gimlet da Parcast masu shirya fodkas, a 2020 ya ƙulla yarjejeniya da Joe Rogan wadda jaridu suka ce ta haura dala miliyan 100, da sharaɗin ba za a ji shi ko'ina ba sai a manhajarsa.

Ga mai shirin da aka saye, wannan albashi ne, da kayan aiki, da kwanciyar hankali. Ba abin rainawa ba ne. Bincike irin na Stolen yana cin watanni da tafiye-tafiye da lauyoyi, kuma da wuya gudummawar dala biyar-biyar ta ɗauki nauyinsa tun daga rana ta farko. Amma a Oktoban 2022, da Spotify ya soke shirye-shirye 11, ƙungiyoyin ma'aikatan Gimlet da Parcast sun fito sun ce kulle shirye-shiryen a manhaja ɗaya ya sa wasu sun rasa har kashi uku cikin huɗu na masu saurarensu. Wato an rufe ƙofa, jama'a suka ragu, sannan aka kafa hujja da raguwar aka soke shirin. Shi kansa Joe Rogan, a sabuwar yarjejeniyarsa ta 2024, an sake shi ya koma sauran manhajoji.

Akwai nau'i na biyu na abonema da ya fi shafar ƙananan masu shiri. Tun 2021 Apple ya ba kowa damar sa wa shirinsa farashi a cikin manhajar Apple Podcasts. Mai saurare ya taɓa allo sau ɗaya, an gama, tunda katinsa na can ajiye. Kamfanin yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 a shekarar farko ta kowane mai abonema, daga nan ya koma kashi 15. Patreon kuma yana karɓar kashi 10 daga waɗanda suka buɗe shafi tun Agustan 2025, ban da ladan masu sarrafa katin banki. Mu yi lissafin da kuɗinmu. A ce mai saurare yana biyan yuro 5 a wata, wato sefa 3280. A Apple, sefa 984 za su tsaya a hannun kamfani a shekarar farko, 492 a ta biyu. A Patreon, sefa 328 ne da ɗan abin da banki ya yaga. Idan mutum 200 ke biya, bambancin shekarar farko ya haura jika 100 a kowane wata, kafin a cire ladan banki.

Yawancin muhawarar a nan take tsayawa, a kan kason dillali. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Mai shiri a Patreon yana ganin sunayen masu tallafa masa da adireshinsu na imel, yana iya sauke jerin ya ajiye. Apple ba ya ba da wannan. Yana nuna adadi da kuɗi, amma mutanen nasa ne. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tashi daga rumfa ya koma wata ya san bambancin. Wanda ya san gidajen abokan cinikinsa yana aika musu cewa ya koma layi kaza. Wanda dillali ne kawai ya san su, ranar da suka ɓata da dillalin ranar ya koma farko.

Kada kuma a ɗauka gudummawa ƴanci ce tsantsa. Patreon ma kamfani ne mai masu zuba jari. A Disamban 2017 ya sanar da cewa zai ɗora wa masu ba da gudummawa ƙarin kashi 2.9 da santi 35 a kan kowane alkawari. Ga mai ba da dala 1, wannan ƙari ya fi sulusi. Mutane suka yi ta janyewa tun kafin tsarin ya fara aiki, kamfanin ya janye ya ba da haƙuri, amma wasu masu shirin ba su maido da duk waɗanda suka tafi ba. A 2024 kuma Apple ya tilasta wa Patreon bin tsarin biyansa a kan iPhone, kason nan na 30 ya biyo masu gudummawa har gida. Shi ya sa masu shiri da yawa ke roƙon jama'a su biya ta shafin intanet, su bar manhajar.

Sai nauyin da ba ya shiga lissafi. Mai rayuwa da gudummawa dole ya riƙa roƙo, a farkon shiri da ƙarshensa, kuma ba kowa ke da wannan fuskar ba. Kaɗan ne daga cikin masu saurare ke sa hannu a aljihu, sauran suna ji ne a kan guminsu. Hutu ya zama abin tsoro, don wata guda ba sabon shiri na iya sa alkawura su zube. Abin da ya fi damuna a matsayin ɗan jarida shi ne wannan: wanda mutum 300 ke ciyarwa ya san ra'ayin mutum 300 ɗin nan sarai. Ranar da bincikensa ya kai shi ga abin da ba sa son ji, zai faɗa? Edita ɗaya ana iya yin gardama da shi a ofis. Ɗaruruwan iyayen gida kuwa ba sa gardama, cire katinsu kawai suke yi.

Matasan da ke fara irin waɗannan shirye-shirye da Hausa a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa za su tarar cewa rabin wannan muhawara ba da su ake yi ba. Abonemar Apple tana buƙatar asusun Apple da katin banki, alhali wayoyin da ke hannun jama'a Tecno ne da Itel da Infinix, kuɗi kuma ta Airtel Money ko Nita ko Amana suke yawo. Kulle shiri ma ba ya da tasiri sosai a inda sauti ke tafiya daga waya zuwa waya. Mutum ɗaya ya biya ya sauke, kafin la'asar ya zaga zauruka goma na WhatsApp, gobe yana cikin katin memori a wajen mai cajin waya.

Gudummawa kuwa ba baƙuwa ba ce a nan. Tun farkon shekarun 1960 ake da kulob-kulob na masu sauraren rediyo a Nijar, kuma gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara sun daɗe suna samun wani ɓangare na kuɗin shigarsu daga sanarwar aure da suna da rasuwa da gaishe-gaishe. Wanda ya biya a gai da surukansa a rediyo bai sayi shirin ba, kowa na ji, amma kuɗinsa sun taimaka an sayi man janareto. Ƴan ci-rani da ke Kwatano ko Akara ko Aljeriya, waɗanda suka fi kowa ƙishin jin muryar gida, suna aiko da kuɗi ta waɗannan hanyoyin kowane wata.

Bambancin shi ne a Patreon na'ura ce ke cire kuɗin ranar da wata ya kama, ko mai alkawarin ya tuna ko ya manta. A nan sai mutum ya tuna da kansa, ya je wajen mai aika kuɗi. Mai shirin zai zama shi ne mai tunatarwa, shi ne mai rubuta wanda ya bayar da wanda ya yi shiru, kamar uwar adashi. Ga kuma jarabar da ke jiran sa a wata na uku, lokacin da ƴan ɗari biyar-biyar suka fara ja da baya: wani mai hali, ɗan kasuwa ko ɗan siyasa, zai aiko a ce masa ya daina wahalar da kansa, nawa ne kuɗin watan duka?