Shayin Eldaberi: Sai An Dafa Ake Sha

Idan hunturu ya kama a ƙasashen Turai, mura kan addabi jama'a, kuma a gidaje da yawa a Jamus da Ingila akan nemi 'ya'yan wani itace da ake kira eldaberi. Masana tsirrai na kiransa Sambucus nigra. 'Ya'yansa ƙanana ne baƙaƙe, ba su kai ƙwayar wake ba, suna fitowa a dunƙule kamar inabi. Ana busar da su a yi shayi, haka ma fararen furanninsa.

Shin yana maganin mura? A 2016 masu bincike a Ostireliya sun gwada shi a kan fasinjojin jirgin sama 312, suka ga waɗanda suka sha sun fi saurin warwarewa. Amma wani gwaji da aka buga a Amurka a 2020 bai ga wani amfani ga masu zazzaɓin mura ba. A ganina, abin sha ne mai ɗumama jiki, kada a ɗauke shi a madadin ganin likita.

Inda ya fi kamata ku lura shi ne wajen haɗawa. Ganyen itacen da rassansa da ɗanyun 'ya'yansa suna ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid a cikin ciki. 'Yan ajin kimiyya za su tuna da rogo mai ɗaci, wanda sai an jiƙa an soya kafin ya zama garin kwaki. Guba iri ɗaya ce. A watan Agustan 1983, a jihar Kalifoniya, wasu mutane 25 sun matse ɗanyun 'ya'yan tare da ganye suka sha ruwan. Cikin minti 15 sai 11 daga cikinsu suka fara tashin zuciya da amai, takwas sai da aka ɗauke su a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti. Duk sun warke.

Don haka nunannu kawai ake amfani da su, a tsince duk wani tsinke ko ganye. A zuba babban cokali ɗaya na busassun a ruwa kofi biyu, a bar shi ya tafasa a kan wuta kaɗan-kaɗan na minti 20, sannan a tace. Zuba ruwan zafi kawai, yadda muke yi wa ganyen shayi, bai isa ba. Ana iya ƙara citta ko kirfa da zuma, amma ban da jaririn da bai shekara ba, domin zuma na iya cutar da shi. Mai juna biyu da mai shayarwa su haƙura da shi gaba ɗaya.