Me ke sa kunne ƙara alhali babu abin da ke kuka?

Mai sauraro, ka taɓa dawowa daga kasuwar Jibiya ko ta Konni, ka kwanta, dare ya yi tsit, sai ka ji "ziiii" cikin kunnenka kamar kukan gyare? Ka tambayi na kusa da kai, ya ce shi bai ji komi ba. Wasu su ce maka ana zancenka ne a wani wuri. To, ga abin da likitoci suka gano.

Can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi. A cikinsa akwai ƙananan gashi wajen 15,000, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Injin niƙa, janareto, babur mai fasasshen salansa, harbin bindiga, har rediyon nan tamu in ka manna ta a kunne wuni guda kana kiwo, duk suna cikin masu laifi. Tsufa ma haka.

In gashin ya ragu, saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa sai ya yi rauni. Ka san yadda kake yi in tasha ta soma ɓacewa a daji: ka murɗa murya sama, sai "shiiii" ta cika wurin. Haka ƙwaƙwalwa ke yi, tana ƙara murya don neman abin da ta rasa, kai kuma kana jin shuwar. Shi ya sa ta fi damunka da dare, lokacin da babu hayaniyar da za ta rufe ta.

Wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta toshe hanya, ko ciwon kunne mai ruwa. Magani ma yana jawo ta: kinin, asfirin in an sha da yawa, da allurar gentamicin. Ita wannan allura tana iya kurumtar da mutum har abada, don haka kar ka yarda mai tallar magani a faranti ya yi maka ita.

In ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciyarka, je a auna maka jini, don hawan jini ko ƙarancinsa na iya sa haka. In kuwa kunne ɗaya ne, ga jiri, ko jinka ya ɗauke farat ɗaya, kar ka jira sai ranar kasuwa, tafi asibiti a ranar. Kafin ka isa, kar ka tura tsinke ko gashin kaza, kar kuma ka ɗiga mai mai zafi.