Daga Haddar Baki Zuwa Fahimtar Karatu a Makarantunmu na Firamare

Duk wanda ya gifta ta kusa da makarantar firamare a ƙauyukanmu da hantsi ya saba jin muryoyin yara suna maimaita abin da malami ya faɗa. Sau da yawa yaro zai iya karanto jimlar da ke kan allo da ka, amma idan aka nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyarta sai ya yi shiru. Haka yaron zai kai aji shida bai iya karanta wa mahaifinsa takardar asibiti ba.

Ba muna kushe hadda ba ne. Haddar Alƙur'ani tana da matsayinta, kuma jadawalin sau yana bukatar a riƙe shi a ka. Abin da muke magana a kai shi ne a ce hadda ita kaɗai ce hanyar koyarwa. Kuma ba daidai ba ne a ɗora wa malami laifin duka, domin wanda aka tara wa yara cunkus a aji ɗaya, babu littafi, babu kujera, maimaitawa ce kawai ta rage masa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na dunƙulallen asusun Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, kuma horar da malamai yana cikin abin da ake yi da kuɗin. A nan Jihar Kano, a shekarar 2019 an gwada shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, bisa wata hanya da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita. Malami yana gwada kowane yaro shi kaɗai: ko ya san baƙaƙe, ko yana haɗa kalma, ko yana karanta gajeren labari. Daga nan sai a kasa yara rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba. Ana ƙirga da tsinke da tsakuwa, ana rubutu a ƙasa. Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba.

Sai dai bita ta kwana uku ba ta canza malami idan ba a bi shi har aji ba. Saboda haka muke jawo hankalin sakatarorin ilimi da jami'an duba makarantu da su riƙa zama a cikin darasi, kada ziyara ta tsaya a duba rajista. Dagatai da masu unguwanni da 'yan kwamitin kula da makaranta kuma su sa ido a kan zuwan malamai da yara, musamman ranar kasuwa da lokacin girbi. Su kuwa iyaye, ko da ba su yi boko ba, suna iya sa yaro ya karanta musu labari da yamma, sa'an nan ya rufe littafin ya bayyana abin da ya faru da bakinsa.