BIRNIN JOS DA CIBIYARSA DA TA ƘONE

Duk baƙon da ya sauka Jos, ko daga Bauci ya fito, ko daga Zariya, ko kuwa ya hauro dutse ta wajen Akwanga, kafin ya kwana biyu sai kunnensa ya saba da wata kalma guda a bakin yaran mota, watau Taminus. Daga Bukur can kudu, da Farin Gada a arewa, da Unguwar Rukuba, da Gada Biyu, yawancin motocin haya na cikin gari nan suke dosa, daga nan kuma suke juyawa. Abin mamaki shi ne, babbar kasuwar da ta sa wurin ya zama matattarar jama'a ta ƙone tun cikin watan Fabrairu na 2002, ta kuma shafe fiye da shekara 20 tana kango. Motoci ba su daina kawo mutane ba, sai dai ɗakin da za a karɓe su ne babu.

Kafin a gane yadda aka yi haka, tilas ne a koma baya a dubi yadda garin ya tashi. Jos ba irin Kano ko Katsina ba ne, inda ganuwa ta kewaye gari, fada da masallaci da kasuwa suka zauna a tsakiya, unguwanni suka zagaye su. Ƙasa ce ta duwatsu, mai tsawon kimanin mita 1,200 bisa teku, inda Birom da Anaguta da Afizere suke zaune suna noma tun da daɗewa. Kuza ce ta jawo Turawa a farkon ƙarnin da ya wuce, ita ce kuma ta jawo dubban lebura da 'yan kasuwa da masu sana'a, Hausawa da Barebari da Yarbawa da Ibo da sauran kabilu. Da fari a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin kogin Binuwai. Cikin 1914 wata siririyar hanyar jirgi, mai faɗin ƙafa biyu da rabi kacal, ta iso daga Zariya, ta zarce Bukur. Babban dogo ya iso ta Kafancan cikin 1927, aka rufe ƙaramin cikin 1957. Daga sunan da Turawa ke kiran tashar da dogo ya tuƙe aka sami Taminus.

Saboda haka garin ya miƙe ne kamar igiya, daga Naraguta zuwa Bukur, dutse a wannan gefe, kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a wancan. Tsakanin Jos da Bukur mil tara ne ko goma, a da daji ne da barikokin ma'aikata, yanzu kuwa gidaje sun haɗe su, ta Anglo-Jos da Dadin Kowa, har mutum ba ya sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Amma babbar hanyar da ke ɗauke da jama'ar ba ta canja gurbi ba. Idan tirela ɗaya ta lalace a kanta da sassafe, ma'aikaci da ɗan makaranta da mai kai mara lafiya asibiti duk sun makara tare.

RABON TURAWA

Turawan mulki sun yi wa garin tsari, amma tsarin raba mutane ne. Bisa dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, aka kasa Jos kashi uku. Akwai unguwar Turawa mai manyan filaye da itatuwa, wadda aka bar fili tsakaninta da baƙar fata wai don gudun sauro. Akwai yankin da ke hannun Joji, inda kantuna da ofisoshi da akawuna suke. Sa'an nan ga garin 'yan ƙasa a hannun En'e, wanda aka shata wa tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, su ne har gobe ake gani a wajajen Masallacin Juma'a. Wanda bai sami fili a ɗayan ukun nan ba sai ya gangara bakin rafin Dilimi, ko ya hau kan dutse, ya kafa ɗakinsa ba da iznin kowa ba. Tushen unguwanni da yawa ke nan.

Da aka ƙirƙiro Jihar Binuwai da Filato cikin 1967, Jos ta zama hedkwata, Gwamna Joseph Gomwalk ya ɗauki aikin mai da garin 'yan kuza birnin gwamnati. An kafa Hukumar Raya Birnin Jos cikin 1974. An ɗauko kamfanin Doxiadis na ƙasar Girka, wanda ya zana birnin Islamabad na Fakistan, ya fito da babban tsarin Jos na shekara 25, daga 1975 zuwa 2000. A zamanin Gomwalk ɗin ne kuma aka ɗaura niyyar gina babbar kasuwa a Taminus, ko da yake sai cikin 1985 aka gama ta, bayan shi ya daɗe da barin duniya.

Waɗanda suka ga kasuwar nan da idonsu ba su gajiya da ba da labarinta. Gini ne mai rufi guda, mai launi iri iri, da rumfuna fiye da 4,000, da wurin ajiye motoci, har akan sa ta cikin manyan kasuwanni masu rufi na Afirka ta Yamma. Amma ba girmanta ne abin lura ba. A cikinta Bahaushe mai atamfa yana maƙwabtaka da Ibo mai kayan lantarki, 'yar Birom mai dankalin Turawa da acca tana ajiye kayanta wurin Bayarabiya mai kwanuka. Mai bin wani bashi ba ya so a taɓa lafiyar wanda yake bi. Wannan zumunci ne da babu injiniyan da ya zana shi a takarda, shi ne kuwa ya fi riƙe garin.

Tsarin na Doxiadis dai mafi yawansa a takarda ya ƙare. Cinikin kuza ya durƙushe a duniya cikin 1985, mutanen barikoki suka kwararo cikin gari, gini ya riga hanya, hanya ta riga magudanar ruwa. An sake zana wani tsarin na 2008 zuwa 2025, shi ma mutanen unguwa kaɗan ne za su iya nuna inda ya taɓa ƙofar gidansu. Ranar da aka ga illar haka ita ce cikin Yuli na 2012, sa'ad da ruwa ya yi ambaliya da dare ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ya ci mutum fiye da 30, galibinsu talakawan da suka yi gini a kan hanyarsa don ba su da wani wurin.

UNGUWA TA ZAMA IYAKA

Ran 7 ga Satumba, 2001, rikici ya ɓarke a Jos, aka yi kwanaki ana zub da jini. Wata biyar bayan haka kasuwa ta ƙone. Aka sake yin wani rikicin cikin Nuwamba na 2008, da wani cikin Janairu na 2010. Kowane ɗaya ya lafa sai a ga motocin ɗaukar kaya suna kwashe gadaje da tukwane. Musulmi suka tattaru a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da hanyar Bauci, Kirista suka tattaru a Tudun Wada da Jenta da Kabong da Unguwar Rukuba. Wasu sun sayar da gidajen gado da araha, wasu musaya suka yi da abokan da suka tashi tare. Rabon da Turawa suka yi da doka, sai ga 'yan gari sun sake yin wani da tsoro.

'Yan kasuwar da gobara ta kora ba su da zaɓi, suka baza kaya a bakin titin Ahmadu Bello da na Murtala Muhammed da kewayen kangon. A cikin wannan cunkoso ne bama-bamai biyu suka tashi ran 20 ga Mayu, 2014, suka hallaka mutum fiye da 100. Gwamnatoci sun gina ƙananan kasuwanni a gefen gari, irin ta Kabong, amma ɗan kasuwa yakan yi lissafin unguwar da zai ratsa kafin ya yi lissafin riba. Cikin 2022 gwamnatin Simon Lalong ta shirya sake gina babbar kasuwar da kuɗin Bankin Jaiz, sai maganar ta rikiɗe ta zama ta addini da ta wa zai mallaki rumfuna, har ta kai gaban kotu, aikin ya tsaya.

Sufuri ma ya bi sawun wannan rabo. A da baburan haya, waɗanda mutanen Jos ke kira goyin, su ne ke shiga kowane lungu, su hau kowane tudu. Gwamnatin Jonah Jang ta hana su aiki a Jos da Bukur saboda tsaro, aka matsa wajen zartar da dokar cikin 2012, keke mai ƙafa uku ya maye gurbinsu. Keke ya fi babur kiyaye rai, wannan ba gardama, sai dai ba kowace hanyar dutse yake iya hawa ba. Haka kuma idan gari ya yi zafi, matuƙi yakan tsaya a bakin wata gada ya ce nan ƙarfinsa ya kai, fasinja ya sauka ya tsallaka da ƙafa ya nemi wani a ɗaya gefen. Tafiyar da kuɗin mota ɗaya ya isa sai ta ci biyu.

Bayan janye tallafin man fetur cikin 2023, kuɗin mota ya tashi ƙwarai, har ma'aikata da yawa suka koma tafiya ƙasa. Cikin 2024 gwamnatin Caleb Mutfwang ta fito da manyan bas-bas masu suna Tin City Metro, waɗanda ake biya da kati, aka ɗora su a kan manyan hanyoyin gari, ta kuma ba da umurnin tsananta dokar gini da ta zirga-zirga. Jama'a sun karɓi motocin hannu biyu, don kuwa sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma a cikinsu akan ga mai hijabi da mai zuwa coci a kujera ɗaya, abin da ya yi wuya a unguwanni da dama.

Sai dai babbar bas kwalta take bi. Matar da ta saro tumatir da kabeji a Farin Gada tun da asuba, idan ta sauka a bakin titi, da sauran tafiya a gabanta, ta lungun da aka gina gidaje kafin a bar wa mota hanya. Nan sai ta nemi mai baro, ko ta ɗora kwandon a ka ta hau dutsen.